Komawa Gida Bayan Yaƙi: Abin da Finafinan Turai Suka Nuna Game da Iyalan da Aka Raba

A cikin finafinan yaƙi da Turawa suka shirya tun daga 1945, waɗanda suka fi zama mini a rai su ne waɗanda suka bar fagen fama suka shiga cikin gida. Na daɗe da lura cewa masu ƙarfi daga cikinsu sun yi tarayya a kan abu guda, wato ƙin yarda cewa sake haɗuwa tana ɗinke abin da rabuwa ta yaga. Wanda ya tafi yakan dawo a matsayin wani mutum daban, waɗanda ya bari su ma shekaru sun sauya su, sa'annan a tarar da baƙi biyu a ƙarƙashin rufi ɗaya, kowa yana jin nauyin ɗan'uwansa.

Lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare, miliyoyin mutane ne ke yawo a Turai suna cigiyar 'yan'uwansu. A garin Arolsen na ƙasar Jamus aka kafa cibiyar neman waɗanda suka ɓace, wadda a yau take ajiye da takardu kimanin miliyan 30 da suka shafi mutum miliyan 17.5. Masu shirya fim ba su ɓata lokaci ba. A 1948 Fred Zinnemann ya fitar da The Search, wanda ya ɗauka a cikin kangayen biranen Jamus, a kan wani yaro ɗan Cekoslobakiya da mahaifiyarsa, waɗanda aka raba a sansanin gwale-gwale. Fim ne mai taɓa zuciya, amma ya tsaya a daidai lokacin da uwa da ɗa suka rungumi juna, kuma a ganina nan ne ainihin wahalar take farawa.

Shekara shida bayan haka, fim ɗin Birtaniya The Divided Heart na Charles Crichton ya ɗauki labarin daga wurin da wancan ya ajiye shi. An gina shi ne a kan wata shari'a ta gaskiya da aka yi a 1952, game da wani yaro ɗan Sulobeniya da 'yan Nazi suka kashe mahaifinsa, suka tura mahaifiyarsa sansanin Auschwitz, shi kuma aka kai shi Jamus yana jariri aka ba wasu miji da mata riƙonsa a matsayin maraya. A cikin fim ɗin yaron ya kai shekara goma, yana jin Jamusanci, bai san wata uwa ba sai wadda ta goya shi, sai ga jami'ai sun ƙwanƙwasa ƙofa da labarin cewa mahaifiyarsa tana raye kuma tana neman ɗanta. Alƙalan Amurka uku aka ɗora wa yanke hukunci. Abin da ya sa fim ɗin bai tsufa ba shi ne babu mugu a cikin kotun. Mahaifiyar ta rasa komai a duniya in ban da wannan yaro, uwar riƙon kuwa ba ta saci ɗan kowa ba, an ce mata ba shi da kowa ne ta karɓe shi ta yi masa tarbiyya. A ƙarshe an mayar da shi ga mahaifiyarsa, kuma ina ganin hukuncin ya yi daidai, domin barin sa zai zama tabbatar da satar da 'yan Nazi suka yi. Duk da haka fim ɗin bai ɓoye cewa gyara zaluncin farko ya haifar da rabuwa ta biyu ba, kuma yaron da bai aikata komai ba shi ne ya biya sau biyu.

Wannan maganar ta uwa biyu ta sake fitowa, cikin sanyi da zurfi, a fim ɗin Klaus Härö na 2005, Äideistä parhain, wanda aka fi sani da Mother of Mine. A shekarun yaƙin Finlan da Tarayyar Sobiyet an tura yara fiye da 70,000 zuwa maƙwabtan ƙasashe, galibinsu zuwa Suwidin wadda ba ta shiga yaƙin ba, kuma dubbai daga cikinsu ba su sake komawa ba. An rataya musu kati ɗauke da sunansu a wuya, aka sa su a jirgin ruwa ko na ƙasa. Eero, yaro ɗan shekara tara da mahaifinsa ya mutu a bakin daga, ya tsinci kansa a wata gona a kudancin Suwidin, a hannun wata mata mai suna Signe wadda ta rasa 'yarta kuma ba ta shirya buɗe zuciyarta ga wani yaro ba. Ba ya jin yarenta, ita ma ba ta jin nasa. A hankali suka saba, har ya fara ganinta a matsayin uwa, sai kuma wasiƙa ta zo cewa a mayar da shi. Härö ya nuna Eero da furfura a kansa, zaune da mahaifiyarsa da ta tsufa, suna ƙoƙarin yin maganar da suka kasa yi kusan shekara sittin. Abin da ya tsaya mini a nan shi ne babu wanda ya yi niyyar cutar da yaron. Hukumomi sun so su tsirar da shi daga bamabamai, uwarsa ta so ya rayu, Signe ta ƙaunace shi, amma abin da ya koya daga wannan alheri duka shi ne cewa duk wanda ya riƙe zai iya sakin sa wata rana, don haka ya girma bai ƙara riƙe kowa da gaske ba.

Dawowar uba ma tana da nata finafinan. Fursunonin yaƙin Jamus na ƙarshe ba su baro Tarayyar Sobiyet ba sai bayan ziyarar da Konrad Adenauer, shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma, ya kai Mosko a watan Satumba na 1955. Das Wunder von Bern na 2003 ya nuna irin wannan uba, wanda ya dawo yankin Ruhr a 1954 ya tarar matarsa ta iya riƙe gida ba tare da shi ba, ga kuma ƙaramin ɗa da aka haifa bayan tafiyarsa, wanda bai taɓa ganin fuskarsa ba. Rabin farko na fim ɗin gaskiya ne tsagwaronta, amma ban gamsu da yadda nasarar Jamus a gasar cin kofin duniya ta zama maganin matsalar gidan ba, domin ciwon shekara goma da ɗoriya ba ya warkewa a filin ƙwallo. Theo Angelopoulos ya fi shi ƙarfin hali a Voyage to Cythera na 1984, inda wani tsohon ɗan gwagwarmayar yaƙin basasar Girka ya dawo bayan shekara 32 yana gudun hijira, ya tarar ƙauyensu yana shirin sayar da filayensa, 'ya'yansa ba su san shi ba, hukuma kuma ba ta ɗauke shi a matsayin ɗan ƙasa ba. Matarsa kaɗai ce ta zaɓi ta bi shi.

Yaƙin basasa yana raba iyali ta wata hanya dabam, domin a nan shaƙiƙai ne suke juya wa juna baya da idonsu biyu. The Wind That Shakes the Barley na Ken Loach, wanda ya lashe babbar kyautar bikin finafinai na Cannes a 2006, ya bi 'yan'uwa biyu, Damien da Teddy, daga gundumar Cork ta Ailan. Tare suka yaƙi sojojin Birtaniya, amma yarjejeniyar sulhu da aka ƙulla da Birtaniya a watan Disamba na 1921 ta raba su, ɗaya yana ganin ita ce iyakar abin da za a iya samu a lokacin, ɗayan yana ganin cin amanar waɗanda suka mutu ce. An ce ɗan'uwa rabin jiki, ga shi kuwa Teddy ne da kansa ya tsaya ya ba da umarnin harbe ƙanensa, bayan ya shiga ɗakin da aka tsare shi ya roƙe shi ya faɗi inda aka ɓoye makamai ya tsira da ransa. An zargi Loach da karkata ga ɓangare ɗaya a siyasance, kuma zargin yana da tushe. Sai dai a wurin harbin bai mai da Teddy dodo ba, ya bar mu mun ga mutum yana kuka yana aikata abin da ya yi imani wajibi ne, kuma wannan ya fi kowane irin mugunta ban tsoro.

Fim ɗin da nake ganin ya kai wannan magana ƙololuwa shi ne Quo Vadis, Aida? na Jasmila Žbanić, wanda ya fito a 2020. A watan Yuli na 1995 sojojin Sabiyawan Bosniya ƙarƙashin Ratko Mladić suka kama Srebrenica, garin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana a matsayin tudun mun tsira, suka kashe maza da samari Musulmi fiye da 8,000 cikin 'yan kwanaki. Aida malamar makaranta ce da take aikin tafinta ga sojojin Holan masu aikin wanzar da zaman lafiya na Majalisar a sansaninsu na Potočari, kusa da garin. Katin aiki yana rataye a wuyanta, shi ne yake ba ta damar shiga da fita, amma bai haɗa da mijinta da 'ya'yanta maza biyu ba. Kusan duk fim ɗin gudu ne, daga ofis zuwa ofis, daga wannan hafsa zuwa wancan, tana neman a sa sunaye uku a jerin ma'aikatan da za a kwashe. Ita ce kuma ake ba na'urar ɗaga murya ta fassara wa dubban mutanen garinsu umarnin da ta san ƙarshensa. Akwai wurin da ta durƙusa a gaban wani hafsa tana roƙon a ceci ko da ɗaya daga cikin 'ya'yan, wato uwa ta kai matsayin da za ta yarda a zaɓa tsakanin 'ya'yan cikinta, shi kuwa yana maimaita mata cewa ƙa'ida ba ta yarda ba. Žbanić ba ta nuna gawarwaki suna faɗuwa ba, ta nuna bakin bindigogi suna leƙowa ta tagogin wani zaure, sa'annan ta fitar da kyamara waje.

Labarin yana da tushe a zahiri. Hasan Nuhanović, wanda ya yi wa sojojin Holan aikin tafinta, ya rasa mahaifinsa da mahaifiyarsa da ƙanensa bayan an fitar da su daga sansanin, kuma a 2013 kotun ƙolin Holan ta yanke hukuncin cewa ƙasar tana da alhaki a mutuwar mahaifin da ƙanen. Abin da ya fi damuna a fim ɗin, duk da haka, shi ne kashinsa na ƙarshe. Aida ta koma garin bayan shekaru, ta tarar iyalin ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aika-aikar suna zaune a gidanta. Haɗuwarta da 'ya'yanta ta kasance ne a wani babban zaure da aka jera ƙasusuwa da ragowar tufafi a ƙasa, mata suna bi layi-layi suna dubawa, har ta tsaya a kan nata. Haka abin yake a gaske, domin an tone manyan kaburburan da motocin haƙa a ƙarshen 1995 aka sake binne gawarwakin a wasu wurare don ɓoye shaida, shi ya sa ake samun ƙasusuwan mutum ɗaya a kaburbura daban-daban, kuma sai da gwajin ƙwayoyin halitta aka iya tantance kusan mutum 7,000. Har yanzu a kowace ranar 11 ga Yuli ana yi wa sababbin waɗanda aka gano jana'iza a Potočari.

Žbanić ta riga ta taɓo wani ɓangaren na wannan ciwo a fim ɗinta na farko, Grbavica, wanda ya lashe babbar kyautar bikin Berlin a 2006. A nan uwa da 'ya suna gida ɗaya a Sarajevo, suna ci tare suna kwana tare, amma yaƙin yana tsaye a tsakaninsu. Esma ta gaya wa 'yarta Sara cewa mahaifinta shahidi ne. Makaranta ta shirya tafiyar yawon buɗe ido, kuma an yi wa 'ya'yan shahidai sauƙin kuɗi idan sun kawo takardar shaida. Esma ta gwammace ta yi aikin dare a gidan rawa ta haɗa kuɗin da ta nemo takardar, domin babu takardar, an haifi Sara ne sakamakon fyaɗen da aka yi mata a sansanin da aka tsare ta. Na ga finafinai da yawa da suka mai da irin waɗannan mata abin tausayi kawai, amma Esma mace ce mai fushi da gajiya da raha, wadda take marin 'yarta kuma take mutuwar son ta, kuma da gaskiyar ta fito ba a nuna mana cewa komai ya daidaita ba. Sara ta aske gashin kanta, wanda aka taɓa gaya mata irin na mahaifinta ne, ta shiga motar tafiyar, ta ɗaga wa uwarta hannu da ƙyar.

Tasirin Grbavica bai tsaya a gidajen kallo ba. A lokacin da ake nuna shi a Bosniya, ƙungiyoyin mata sun riƙa tattara sa hannun jama'a a ƙofofin silima, suna neman a sauya doka, domin shekara goma bayan yarjejeniyar Dayton ta 1995 da ta kawo ƙarshen yaƙin, matan da aka yi wa fyaɗe ba su da wani matsayi na kansu a tsarin tallafin gwamnati. A cikin shekarar 2006 ɗin majalisar Tarayyar Bosniya da Harzegobina, ɗaya daga cikin ɓangarori biyu na ƙasar, ta amince da su a matsayin farar hula da yaƙi ya cutar, tare da haƙƙin karɓar tallafi a kowane wata.