Tankin kifina ya iso Nima da tsaga

Na yi odar tankin kifin ado daga Chana, irin na akirilik, wannan robar mai haske da masu allunan talla a Accra ke kira Perspex. Tsawonsa santimita 120, faɗi 50, tsayi 50, wato yana cin ruwa lita 300. Na zaɓe shi ne don nauyin akirilik kusan rabin na gilashi ne, kuma ya fi shi jure bugu. Ya sauka a tashar Tema cikin kwantenar haɗaka, daga ɗakin ajiyar wakilin jigila aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ta kawo mini shi gida a Nima, unguwarmu a Accra.

Kwalin ya lotsa a kusurwa ɗaya. Na roƙi direban ya dakata, na ɗauki hoton kwalin ta kowane ɓangare, sannan muka buɗe a gabansa ana ɗaukar bidiyo. Sai ga tsaga kamar tsawon ɗan yatsa a saman bangon gefe, ga karce a gaba. Na rubuta hakan a takardar karɓa kafin in sa hannu. Wannan rubutun ne ya tsaya mini daga baya, domin kaya da suka bi ta hannu da yawa, kowa cewa yake lafiya ƙalau suka bar wurinsa.

Abokai suka ce in shafa gam ɗin silikon. Shi kuwa silikon na tankin gilashi ne, ba ya kama akirilik da kyau, ruwa na turawa zai ɓare. Na nufi wani dattijo mai yin allunan talla a unguwar Kokomlemle da hotunan. Tambayarsa ta farko: "Ɗana, a sama take ko a ƙasa?"

Na ce, "A sama ne, Baba, kusa da baki."

Ya ce to da sauran magana. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, lita 300 kuwa kilo 300, kuma matsin ruwan a ƙasa ya fi ƙarfi. Tsagar da ke gindi ko a mahaɗar bango da ƙasa, ya ce shi ba zai taɓa ta ba ko nawa zan biya. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Gidan haya nake, da yara a ɗaki, ga wayoyin lantarki na famfo da fitila a bayan tankin.

Ga yadda ya yi. Ya huda ɗan ƙaramin rami daidai ƙarshen tsagar, don kada ta ci gaba da tafiya. Ya zuba gam mai ruwa-ruwa, Weld-On 4, da sirinji, gam ɗin ya bi tsagar da kansa. Wannan gam narkar da fuskokin biyu yake su haɗe su zama abu ɗaya. Sannan ya yanko faci na akirilik mai kauri daidai da bangon, ya manna ta ciki ya rufe har ramin, yadda ruwa zai riƙa danna shi. A waje muka yi aikin, saboda tururin gam ɗin na da illa ga numfashi. Yana kamawa cikin mintuna, amma ƙarfinsa sai bayan kwanaki, don haka ban yi gaggawa ba.

Karcen kuwa da sanfefa mai laushi da ruwa na goge shi, ina hawa daga lamba 800 zuwa 2000, na ƙarasa da man goge roba. Baba ya gargaɗe ni kada in kusanto da sifirit ko ruwan wanke taga mai amoniya, suna sa akirilik ya yi ƙananan tsage-tsage.

Na gwada shi a tsakar gida a kan shimfiɗaɗɗen katako, ina ƙara ruwa kaɗan-kaɗan, na sa takarda a ƙarƙashi don ko ɗigo ɗaya ya fita in gani. Bai yi yoyo ba. Duk da haka nakan bar ruwan ƙasa da facin.

Wakilin ya yi ta ja, amma da ya ga bidiyon da takardar sai ya mayar mini da wani ɓangare na kuɗin jigila ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya. Yanzu duk odar da zan yi, sai an ɗaure kayan a akwatin katako da soso a kusurwoyi, ko da kuɗin wuri a kwantena zai ƙaru.