Sakan 9 da na yanke daga maganar wani dattijo

Ranar Juma'ar nan zan miƙa mabuɗin ɗakin tace sauti na gidan rediyonmu bayan shekara 7. Duk wanda ya zauna da mu ya san dokar shugaban sashenmu: kada ya ji "wato", kada ya ji "ka gane", kada ya ji "amm" ta fita a iska. Yana da ɗan littafi da yake jan layi a ciki duk sa'ad da mai gabatarwa ya yi ɗaya, ranar taron mako kuma ya karanto adadin kowa a bainar jama'a. Hujjarsa ita ce ƙungiyar Toastmasters ta masu koyon jawabi a gaban jama'a, wadda aka kafa a Amurka a 1924, tana naɗa mutum musamman don wannan ƙirgen. Haka ne. Amma can mutum ne yake kai kansa a gyara masa jawabin da ya shirya. Mu kuwa muryoyin bayin Allah muke ɗaukowa, waɗanda aka tare da makirufo ba shiri.

Na bi dokar har hannuna ya saba. Da na ga layin sauti ya kwanta a allon kwamfuta, kafin ma in saurara na datse.

A shekarata ta uku na yi hira da wani dattijo da aka yi wa sulhu da wurin da ya yi wa aiki tsawon rayuwarsa, kan haƙƙin da aka riƙe masa. Na tambaye shi, "Baba, ka gamsu da abin da aka yanke?" Ya yi shiru. Ya ja numfashi. Sannan ya ce, "To... eh... wato... na gamsu. Na gamsu dai." Da dare na zauna na share shirun, na share "to" da "eh" da "wato", na cire maimaicin, na haɗa da "dai" ɗin nan ta ƙarshe don lokaci ya ishe ni. Sakan 9 cif. Abin da duniya ta ji da safe shi ne, "Na gamsu."

Kwana biyu sai ga shi a bakin ƙofa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗan nan, muryata ce kam, amma ba maganata ba ce." Abokan shari'arsa sun riƙe wannan faifan a matsayin shaida cewa ya yafe sauran. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, don na san "dai" ɗin nan ita ce ta ɗauki dukan ciwon da ke zuciyarsa, kuma da hannuna na jefar da ita.

Laifina ne, ban musa ba. Abin da har yau bai kwanta min ba shi ne takardar gargaɗin da ta biyo baya, da sa hannun shugaban sashen namu, mutumin da ya saurari hirar kafin ta fita, ya ce min ta yi tsab. Na ce, "Yallaɓai, dokarka na bi." Ya ce doka ba ta hana mutum hankali ba.

Daga nan na koma karatu. Na ci karo da binciken Herbert Clark da Jean Fox Tree na 2002, inda suka nuna cewa a Turanci "uh" tana sanar da ɗan gajeren jinkiri, "um" kuma jinkiri mai tsawo. Mai magana yana gaya wa abokinsa ne, dakata, ban gama ba. Wani binciken na 2009 a harsuna 10 ya gano cewa tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa takan kai kusan kashi 1 cikin 5 na sakan kawai. In haka ne, wanda ya yi shirun sakan 3 kafin ya ce "eh" ya riga ya faɗi wani abu. Kuma babu harshen da ba shi da nasa: Balarabe yana da "ya'ani", Bafaranshe "euh", Bajapane "eto". Namu ma ba ɗaya suke ba. Akwai "wato" ta mai neman kalma, akwai "wato" ta mai gudun amsa, kunne ne kawai yake rarrabe su.

Tun daga lokacin, nawa kame-kamen nake yankewa, na baƙo kuwa sai na saurara sau biyu. Maimaici wani lokaci nanatawa ce. Mai i'ina ba a ƙarasa masa magana. Ga sababbi kuma, in aka ce aikinku ya yi, ku nemi a sa hannu kafin ya fita.

Mun sake watsa hirar dattijon yadda take bayan mako guda, da kaina na nace sai da aka yarda, amma da tsakar dare aka ba ta wuri. Takardar gargaɗin tana nan cikin fayil ɗina, na duba jiya, ba a cire ta ba.