Kafin a sa wa ƙofarka zarto, a hau tsani a duba sama

Idan ƙofarka mai ninkewa ta fara gogar ƙasa, kada ka yarda kowa ya kusance ta da zarto sai an hau an duba abin da yake riƙe da ita daga sama. Duk wanda ya tambaye ni yadda muka ƙare da tamu, da wannan nake fara masa, kuma har yau in ina faɗa sai na ji raina ya sosu.

Tamu falle huɗu ce ta katako, biyu su ninke hagu, biyu dama. Ita ta raba falon baƙi da ɓangaren iyali a gidanmu da ke Hanwa. Ranar suna ko Sallah a wangale ta wuri ya zama ɗaya, sauran ranaku a ja ta, maza na zaune a falo, mata na harkarsu, ba wanda ya takura wa wani. Saboda haka lalacewarta ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu.

Cikin watan Agusta, lokacin da ruwa yake sauka a Zariya kusan kullum, fallayen tsakiya biyu suka fara jan tayil. Da fari ƙara ce kawai, daga baya sai an tallafa da hannu kafin ta rufu. Aka kira kafinta ina wurin aiki. Uwargida ta ce tun yana tsugune ya yanke hukunci: "Hajiya, ai damina ce, katako ya sha ruwa ya kumbura." Ya sauke fallayen, ya datse wajen rabin inci daga gindin na tsakiya. Sannan, wai don su zo daidai, ya bi na gefe biyun ma ya datse, waɗanda ba su taɓa gogar komai ba. Ya hau ya mayar da su, ya lafta baƙin mai a layin ƙarfen da tayoyin suke bi, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne sai da ya hau tsanin nan, hannunsa bai fi taƙi ɗaya da inda ciwon yake ba, amma bai ko ƙwanƙwasa ba.

Ƙofa ta yi lafiya na ɗan lokaci. Da Disamba ta kama, hunturu ya busar da komai, sauran ƙofofin gidan da suke cijewa da damina duk suka saki, sai ga ta tana gogar tayil kamar da, a daidai wurin da take yi a baya. Katakon da aka ce ruwa ne ya kumbura shi, wane ruwa ya samu a Disamba? Ga kuma fallayen gefe, ƙasansu ya zama kafa mai cin yatsu biyu. Ƙura na shigowa ta nan, ƙadangare ya bi, kuma wanda yake zaune a kan darduma a falo yana hango ƙafafun masu wucewa ta ciki. Sirrin da aka sa ƙofar dominsa ya ragu.

Na je wajen 'yan katako a Sabon Gari da niyyar tambayar kuɗin sababbin fallaye. Wani dattijo da ya daɗe a sana'ar ya saurare ni har na gama, sannan ya ɗauko guntun katako ya nuna mini yadda zarensa ya kwanta. Ya ce, "Malam, katako ta faɗi yake kumbura, ba ya ƙara tsawo. In damina ce ta kama ƙofa, ta gefe za ta matse, ba ta ƙasa ba. Taka saukowa ta yi. Je ka duba abin da ta rataya a jiki." Na ce, "Baba, to wadda aka yanke fa?" Ya girgiza kai kawai.

Maganarsa gaskiya ce, kuma duk wanda ya yi aikin katako ya kamata ya san ta. Itace yana shan danshi ya buɗe, ya bushe ya tsuke, amma kusan duk motsin nan a faɗinsa da kaurinsa yake. Tsawonsa da ƙyar yake canjawa. Sandunan da suke tsaye a gefen kowane falle su ne suke ba ƙofa tsayinta, don haka ƙofa mai ƙafa 7 ba za ta ƙara rabin inci don an yi ruwa ba. Inda za ka ga gindin ƙofa ya kumbura da gaske shi ne irin ta garin katako da aka matse, wadda ruwan goge ɗaki yake jiƙawa kullum, ita kuwa da ido za ka ga ta yi bororo tana ɓarewa. Tamu gindinta lafiya lau yake kafin a yanke.

Da na dawo gida na sa ƙanena ya riƙe mini tsani. Kafin in taɓa komai na ɗauki tef na auna daga tayil zuwa layin ƙarfen a wuri uku: jikin bangon hagu, tsakiya, jikin bangon dama. Gefe da gefe suka zo ɗaya, tsakiya ta gaza da abin da ya kusa inci guda. Awon nan bai fi aikin minti biyu ba, kuma da an yi shi a Agusta da ba a kai ga zarto ba.

Layin ƙarfen ba a jikin siminti aka ɗaure shi ba. An kafa katako tu-bai-fo a ƙarƙashin linta, wato simintin da ke saman ƙofa, aka ɗaure layin a jikinsa, aka shafe da fenti. Daga ƙasa ba abin da za ka gani. Na danna sukudireba a tsakiyarsa, sai ta shige kamar cikin burodi, jar ƙasa ta zubo mini a fuska. Gara ce. Ta biyo wata 'yar tsaga a kusurwar bango, ta cinye cikin katakon tas, ta bar fentin da ɓawo siriri a waje. Ƙanena ya ce, "Yaya, sauko, kada abin nan ya rufto maka." Sukurorin tsakiya da yatsa na zare su.

A irin wannan ƙofar, fallen da yake jikin bango yana juyawa a kan ƙusa biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, nauyinsa yana kan ta ƙasan. Fallen tsakiya kuwa a rataye yake da taya a cikin layin. Idan aka rufe ƙofar, tayoyin biyu a tsakiya suke haɗuwa, nauyinsu duka ya taru a wuri ɗaya, wurin da gara ta fi ci. Shi ya sa na tsakiya kaɗai suke goga, na gefe ba ruwansu. Ƙofar da kanta tana nuna inda matsalar take ga mai son ya duba. Kuma ba tayil ɗin da ya karce ne ya fi tsorata ni ba. Yarana suna wuni suna ja da tura ƙofar nan, katako mai nauyi yana rataye a kansu da sukurori da ba su riƙe komai ba. Allah ne ya tsare.

Gyaran kansa bai ba mu wahala sosai ba. Muka sauke fallayen mu biyu, don mutum ɗaya ba ya iyawa ba tare da ya karya hinji ba. Muka ɓamɓare ruɓaɓɓen katakon, muka bi hanyar garar har ƙasa, aka zuba magani a tsagar aka toshe da siminti. Na koma wurin dattijon nan ya zaɓar mini busasshen maɗaci, ya ce na farkon farin katako ne mai laushi, irin wanda ake yin rufin wucin gadi da shi, kuma ko magani ba a shafa masa ba. Sabon na shafe shi da Solignum, maganin gara na katako, ta kowace fuska, har bakinsa biyu da aka yanka da fuskar da za ta manne da linta, domin ta inda ido ba ya gani gara take shiga. Na bar shi ya sha sosai kafin a ɗora. Aka huda linta da inji, aka sa fisha, wato robar da ke riƙe sukuru a cikin siminti, da dogayen sukurori, tazarar kamar ƙafa ɗaya tsakaninsu, na sa aka ƙara a tsakiya da kuma can gefe inda fallayen suke taruwa in an buɗe.

Ina wannan aikin ina tuna ginin cikin birni. Magabatanmu sun san halin gara sarai, shi ya sa suke rufi da azarar giginya, wadda ba ta iya ci da sauƙi. Tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ƙasa da azara aka ɗaure bakunansa. Mu kuwa yanzu sai a kafa mana katakon da bai kai shekara goma ba a rufe da fenti mai ƙyalli.

Layin ƙarfen ya riga ya lanƙwashe, na alminiyom ne, in ya lanƙwashe ba ya miƙewa daidai, taya za ta riƙa tsayawa a wurin. Sabo na saya. In za ka sayi layi ko taya, ɗauki tsohon ka tafi da shi kasuwa, domin girmansu ya bambanta kuma da ido duk iri ɗaya suke. Wajen ɗaurawa na ari ma'aunin magina mai ruwa da kumfa a ciki, sai da kumfar ta tsaya cak a tsakiya muka ƙarasa ɗaure sukurorin. Daga nan saiti ne kawai. Akwai noti a wuyan kowace taya, ka juya da sifana fallen ya hau ko ya sauka. Ƙusar ƙasa ma tana da zare, ita ma ana juya ta. Wato ko da ƙofar ta ɗan sauka ne don kanta, masu ƙera ta sun tanadi yadda za a ɗaga ta ba tare da an rage mata ko ƙwayar katako ba. Kafintan nan noti biyu ya kwance da hannunsa ya mayar, bai tambayi kansa amfaninsu ba.

Baƙin man da ya shafa kuma wata ɓarnar ce. Ƙurar hunturu ta haɗu da shi ya zama danƙo, tayoyin suka daina juyawa sai dai a ja su. Da kananzir da tsohon buroshin haƙori na wanke su. A garin da ake wata uku ana ƙura, kada ka sa mai ko giris a layin ƙofa. Share shi da busasshen buroshi, ka goga masa kyandir, ya wadatar. Hinji biyu da sukurorinsu suke juyawa a banza, na cusa tsinken ashana da gam ɗin kafinta a ramin, da ya bushe na mayar, suka kama gam. Mariƙin ma na matsar da shi kusa da inda fallayen biyu suke ninkewa, domin in yana can bakin ƙofa, jan da ake yi yana murɗa tayar a cikin layi.

Da muka gama saiti, ƙofar ta koma mazauninta na asali, sai ɓarnar zarton ta fito fili: duka fallaye huɗu sun ɗage daga ƙasa, kafa ɗaya doguwa daga bango zuwa bango. Gara ta ci katako guda, an canja shi an wuce wurin. Abin da zarto ya ci ba ya dawowa. Sai da na nemi wani kafintan ya yanko siraran katako huɗu, ya manna wa kowane falle a gindi da gam da sukuru, ya cike, ya goge, aka sake fentin ƙofar gaba ɗaya don launi ya zo ɗaya. Kuɗin wannan ƙarin ya fi na maɗacin da layin ƙarfen a haɗe. Kuma duk da ƙoƙarin da ya yi, in hasken safe ya bugi ƙofar ana ganin sawun haɗin. Wurin nan ne kuma ruwan goge ɗaki yake taɓawa, don haka na roƙi mutanen gida a riƙa matse tsumma sosai in an zo kusa da ita.

Yanzu da yatsa ɗaya autarmu take tura ta, ba ƙara ba cijewa, kuma ina jin daɗin cewa mafi yawan aikin da hannunmu muka yi ni da ƙanena. Na sa wa kaina duk farkon damina, lokacin da shinge, gara mai fiffike, yake fitowa bayan ruwan fari, in hau in ƙwanƙwasa katakon da gindin sukudireba in ji ko ƙararsa ta canja, in kuma sake awon nan na wuri uku. Da muka bi hanyar garar ta bayan bango, mun tarar da guntayen katakon da magina suka binne a gindin ginin, can take ci tana hayayyafa, mun tone mun ƙone. Amma firam ɗin ƙofar kicin da katakon silin na ɗakin yara duk lokaci ɗaya aka sa su da wancan, kuma daga tari ɗaya aka ɗebo su. Ranar Asabar za mu buɗe silin ɗin mu gani.