Yadda na rage wa manhajar ƙungiyarmu nauyin barci

Ƙungiyar manoman riɗi da zoɓo ta garinmu, nan yankin Gumel a Jigawa, ta daɗe tana rubuta komai a littafi: wa ya kawo buhu nawa, wa ake bi bashin taki, wa ya karɓi kuɗinsa. Da littattafan suka yi yawa sai na haɗa musu wata 'yar manhaja da Python, wani harshen rubuta manhaja, wadda ake buɗewa a burauzar waya. Sakatare ya shigar da awo, ma'aji ya duba lissafi, shi ke nan. Na ɗora ta a sabar haya ta intanet, wato kwamfutar wani kamfani da ke riƙe manhaja tana amsa wa masu buɗe ta, a matakin kyauta, don kuɗin ƙungiya bai kai a ce za a riƙa biyan dala kowane wata ba. Tun da Heroku, ɗaya daga kamfanonin hayar saba, ta soke matakinta na kyauta a Nuwamba 2022 irin waɗannan wuraren suka ragu, kuma waɗanda suka rage kowa da sharaɗinsa. Sharaɗin inda na ajiye tawa shi ne, in aka yi minti 15 ba wanda ya taɓa manhajar, za a kashe ta, sai wani ya sake neman ta a tashe ta. Tashin nan kuwa yakan ci kusan minti guda.

Ban ga laifinsu ba, araha ba ta ado. Suna da dubban manhajoji da babu mai buɗewa sai jefi-jefi, ba za su bar kowace tana cin wuta da ƙwaƙwalwar na'ura a banza ba. Amma minti guda a gaban sikeli, mutum na tsaye da buhunsa, bayansa layi, ba ƙaramin lokaci ba ne.

Abu na farko da sai da na warware shi ne gane mai laifi, domin a nan duk abin da ya yi nauyi a waya sabis ake zagi. Kawuna shi ne ma'aji, kuma kullum maganarsa ɗaya ce: "Ɗana, sabis ɗin nan naku ya sake tafiya." Sai na ce masa, "Kawu, in ta buɗe, ku rufe ku sake buɗewa nan take, ku faɗa mini." Ya gwada, ya ce karo na biyu kamar ƙiftawar ido. Gwajin ke nan gaba ɗaya. In farko ya yi nauyi na biyu ya yi sauri, barci ne. In duka biyun sun yi nauyi, to sabis ne ko shafin ne ya cika kaya. Na kuma buɗe rajistar sabar na kwatanta lokacin da buƙata ta iso da lokacin da manhajar ta ce ta shirya, sai ga ratar a fili.

Daga nan na fahimci jinkirin ba dunƙule ɗaya ba ne. Akwai lokacin da kamfanin ke ɗauka kafin ya samo na'ura ya tayar da kwantenar da manhajar ke ciki, wato ƙunshin da ya haɗa ta da duk kayan aikinta. Wannan ba hannuna a ciki. Akwai lokacin da Python ke ɗauka yana loda laburaren da na kira, wato shiryayyun kod na wasu da manhajar ke aro. Akwai haɗuwa da rumbun bayanai, inda ake ajiye awo da lissafin manoma. Sannan akwai saukar shafin kansa a wayar da sabis ɗinta ke rawa tsakanin 3G da E. Kamar babur ne da ya kwana a sanyin hunturu: wani ɓangaren na sanyi ne, wani kuwa na fulogin da ba a wanke ba. Fulogin na fara bi.

Python na da wani umarni, python -X importtime, da ke jero kowane laburare da lokacin da ya ci kafin ya lodu. Da na gudanar da shi, waɗanda suka fito a sahun gaba su ne pandas, wanda nake amfani da shi wajen fitar da rahoton ƙarshen wata zuwa Excel, da wani na buga rasit a PDF. Rahoton nan sau ɗaya ake nemansa a wata, amma kowane tashi sai an ɗauko masa kayan aikinsa kaf kafin sakatare ya ga ko da akwatin shigar da lambar waya. Na cire kiransu daga saman fayil na mayar cikin aikin da ke buƙatarsu. Yanzu mai neman rahoto shi ke jiran 'yan sakan ɗin, kuma shi a zaune yake a gida, ba a bakin sikeli ba. Haka nan akwai umarnin da ke duba tsarin teburan rumbun bayanai ya gyara, wanda ke gudana duk lokacin da manhajar ta tashi. Na mayar da shi lokacin ɗora sabon kod kaɗai, tunda teburan ba sa canzawa da kansu cikin dare.

Na kuma rage girman kwantenar. Cikakken ƙunshin Python na Docker, manhajar da ake haɗa kwantena da ita, ya kusa gigabayit ɗaya, ƙaraminsa mai suna slim kuwa bai kai megabayit 200 ba. Mutane na yawan ba da wannan shawarar, kuma ta sa ɗora sabon kod ya yi mini sauƙi, amma a lokacin tashi ban ga wani babban bambanci ba. Kada wanda ya ce maka a nan maganin yake.

Wanda ya ba ni mamaki shi ne rumbun bayanai. Sabar tana Turai, rumbun kuwa yana Amurka, don nan ne zaɓin da shafin rajista ya fara nunawa. Kowace tambaya sai ta tsallaka tekun Atlantika ta dawo, kuma shafin jerin manoma tambayoyi barkatai yake yi. Ga shi rumbun shi ma na kyauta ne, shi ma yana barci, don haka masu barci biyu ake tasa, ɗaya bayan ɗaya. Na kwashe bayanan na mayar da su Farankfot ta Jamus, gari ɗaya da sabar. Wani abokina ya tambaye ni me ya hana ni zaɓar Afirka, tunda AWS, sashen hayar saba na kamfanin Amazon, ta buɗe cibiya a Kef Tawun a 2020, Google kuma a Johannasbag a 2024. Amsar ita ce kusanci a taswira daban, kusanci a waya daban. Manyan wayoyin ƙarƙashin teku da suka sauka a Legas, irin su MainOne da Glo-1, Turai suka nufa, shi ya sa sau da yawa sabar Turai ke amsa wa mutumin Najeriya da sauri ba ƙasa da ta Afirka ta Kudu ba. Kowa ya gwada daga wayarsa kafin ya zaɓa.

Duk wannan gyaran ya rage jiran, amma kason kamfanin yana nan daram. Dabarar da kowa ya sani ita ce a sa wani shafi ya riƙa ƙwanƙwasa manhajar duk minti goma don kada ta samu damar runtsawa. Tana aiki. Sai dai akwai lissafi: awa 750 ake bayarwa kyauta a wata, wata mai kwana 31 kuwa awa 744 ne. Manhaja ɗaya za ta sha da ƙyar, amma ni ina da ta biyu ta gwaji a asusu ɗaya, kuma awannin a haɗe ake ƙirga su. In na bar su ido biyu dare da rana, kafin wata ya ƙare za a rufe duka. Sai na duba yadda garin ke amfani da ita. Babu mai awon riɗi ƙarfe biyun dare. Aiki na farawa bayan an dawo daga gona da hantsi, ya yi zafi ranar Laraba da ake haɗa kaya da ranar Alhamis ta kasuwar Maigatari, ya mutu bayan isha'i. Na saita ƙwanƙwasar daga bakwai na safe zuwa tara na dare. Mai yin wannan ya lura da agogo: yawancin sabobi da UTC, wato agogon duniya na bai-ɗaya, suke aiki, mu kuwa muna gaba da awa ɗaya, don haka bakwai ɗinmu shida ce a wurinsu. Adireshin da ake ƙwanƙwasawa kuma na yi shi fanko, kalma ɗaya yake mayarwa. Ya kamata kuma mutum ya karanta ƙa'idojin kamfaninsa, don ba kowa ke son wannan dabarar ba.

Gyaran da ya fi kowanne amfani bai taɓa sabar ba ma. Na raba fuskar manhajar da cikinta. Fuskar, wato shafin shiga da fom ɗin awo, fayiloli ne tsayayyu da ba sa buƙatar Python, sai na ɗora su a Cloudflare Pages, wani wurin ajiye irin waɗannan shafuka, inda ba a barci. Da sakatare ya buɗe, shafin ya bayyana nan take, a ɓoye kuma ya aika wa sabar saƙon tashi. Kafin ya gama danna lambar wayarsa da lambar sirri, ya laluba sunan manomi, yawanci ta farka. Jiran yana nan, amma ya ɓuya a cikin lokacin da hannunsa ke aiki.

Akwai wata ɓarna da jinkirin ke jawowa wadda ta fi jiran kansa muni. Mutum ya danna "Ajiye", bai ga komai ba, ya sake dannawa, ya sake. Sabar na farkawa sai ta karɓi duka, ta rubuta wa manomi ɗaya buhu uku a maimakon ɗaya. Ranar da ma'aji ya zo haɗa lissafi sai riɗin takarda ya fi na sito yawa, kuma a ƙauye irin wannan ba a kan na'ura zargi ke sauka ba, a kan mutum yake sauka. Yanzu kowane awo wayar na ba shi lambarsa ta daban tun kafin a aika, sabar kuma in ta ga lambar da ta riga ta karɓa sai ta yi watsi da ta biyun. Maɓallin yana dushewa da an taɓa shi, rubutu ya fito: "An adana a wayarka, ana aikawa." Da gaske kuma an adana, a ma'ajiyar burauzar, don haka ko sabis ya ɗauke ɗungurungum awon ba ya ɓata, zai tafi da an samu hanya. Rubutun nan kaɗai ya kashe yawancin kiran da ake yi mini. Mutane ba su ƙi jira ba, farin shafin da bai ce komai ba ne ke tayar musu da hankali.

Mai kuɗi ba ya buƙatar duk wannan zagayen. A Google Cloud Run akwai wurin da za ka ce a bar maka aƙalla kwantena ɗaya a kunne kullum. AWS Lambda na da irinsa tun 2019, a 2022 kuma ta ƙaro SnapStart, wanda ke ɗaukar hoton manhajar bayan ta gama shiri ya riƙa tayar da ita daga nan. Matakin biya na ƙananan kamfanoni ma ba ya barci. Duka dai dala ce, kuma tun da naira ta faɗi a 2023 'yan dalolin da ɗan Turai ba zai waiwaya ba sun zama abin da sai an kai gaban taron ƙungiya.

Na kai maganar gaban taron. Shawarar da na bayar ita ce a biya na watannin kaka kaɗai, daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da riɗi da zoɓo ke shigowa kuma sikeli ba ya hutawa, sauran shekara a koma kyauta da ƙwanƙwasa. Shugaba ya tambaya ko komawar za ta taɓa bayanan mutane. Na ce, "Ranka ya daɗe, ko kaɗan, rumbun daban yake, maɓalli ɗaya ne ake juyawa." Aka amince, aka ce a cire kuɗin daga ladan awo. Rumbun bayanan shi har yanzu a matakin kyauta yake, don haka ranar Laraba da safe adireshin ƙwanƙwasar na yi masa wata 'yar tambaya ɗaya, ya tashi tare da sabar kafin amalanken farko ya iso.