Wa ke kiɗa a gidanku?

Asabar. Wai yau ce rana mafi gajarta a shekara, ni dai ko idon ranar ban gani ba balle in auna ta. Ruwa tun asuba. Ƙarfe huɗu da 'yan mintuna magariba ta yi, wajen shida isha'i ta shiga. Abin da ke burge ni da hunturun Galway, nan ƙasar Ireland, ke nan kawai, mutum ya sauke sallolinsa kaf sannan ya fita, ba sai ya riƙa neman lungu da darduma a jaka ba.

Tikitin wasan kiɗan gargajiyar nan da nake ta ba ku labari, yau ne. Wanda abokiyar aikina ta ba ni don na karɓar mata aikin ranar Kirsimeti, alhali ita ma ta karɓar mini na ƙaramar Sallah ko sannu ban ba ta ba sai dambun nama. Baban Auta ya ce shi ba ya shiga wannan ruwa don kallon tsofaffi na buga ƙafa, ga ƙwallo ana yi. Sai muka tafi ni da Auta.

Kasuwar Kirsimeti ta Eyre Square ba masaka tsinke. Auta ta so hawa babban lilon nan, na ce ta bari sai ranar da iska ta yi hankali.

Ɗakin wasan ba babba ba ne, ko'ina ƙamshin kanumfari da kirfa na giyar nan da suke dafawa a wannan lokaci. Mu dai shayi muka karɓa. Makaɗan su biyar. Akwai mai gogen Turawa, da mai sarewa, da mai bodhrán, wato gangar nan mai fuska ɗaya ta fatar akuya, da wata yarinya mai babbar garayar da ke bayan sulallansu da bangon fasfonsu. Na biyar shi ne mai uilleann pipes, wanda na fi zuba wa ido. A zaune yake busa, kuma ba da baki ba. Zuga-zugi ne ɗaure a gwiwar hannunsa yana tura iska cikin jakar fata da ke ɗaya hammatar, yatsu na aiki, tsintsiyar hannu ma na danna wasu maɓallai. Duk gaɓoɓinsa a kan aiki suke, fuskarsa kuwa ko gezau.

Ba wanda ya ajiye takarda a gabansa. Sukan haɗa kiɗa uku a jere, su maimaita kowanne, da sun juya zuwa na gaba sai ka ji wani daga baya ya yi ihu, dabe ya ɗauki rawar ƙafafu. Ina ta riƙe kaina, can na duba na ga ƙafata ta riga ni. Auta ta gani, ta yi ta dariya.

Sai wata mata daga Connemara ta fito ita kaɗai, ba kiɗa, ta rufe ido ta yi waƙa da harshensu. Auta ta raɗa mini wai ta wanda ya tafi Amurka ce. Irin waƙoƙin nan ba sa ƙare musu, tun yunwar 1845 zuwa 1852 da ta kashe kusan mutum miliyan ɗaya, wasu kamar haka suka bar ƙasar. Da ta gama ta tambaya su wa suka dawo gida Kirsimeti, hannuwa suka tashi, wannan Boston, wancan Sidni, wancan Landan. Aka yi ta tafi. Na taya su.

Duk wannan ba shi ya hana ni barci ba.

Kafin kowane kiɗa sai mai shi ya faɗi inda ya samo shi. Wannan a wurin wani tsoho na koya a Clare, shi kuma a wurin mahaifinsa ya ɗauka. Wannan na kakata ne ta wajen uwa. Wannan ana kiransa da sunan wance don ita ta fi kowa iya shi. Kamar dai malaman zaure in za su fara littafi, wane ya karantar da ni, shi kuma wane ya karantar da shi. Mutanen ɗakin har gyaɗa kai suke in an ambaci suna, wasu ka ji sun ce Allah ya ji ƙansa irin tasu.

Da aka tafi hutun rabin lokaci, tsohon da ke gefena ya fara jan Auta da hira. Farin gashi, hular ulu a kan gwiwa, kunne ɗaya da na'urar ji. Ta gaya masa ana koya musu ƙaramar sarewar ƙarfe a makaranta, ya ji daɗi ƙwarai. Sai ya juyo gare ni.

Ya ce, "Ke fa, wa ke kiɗa a gidanku?"

Ba cewa ya yi ko akwai ba. A wurinsa kowane gida da makaɗinsa, suna kawai yake nema. Ni kuma sai na ji bakina ya ce, "Kakana. Goge yake yi."

Ku da kuka san ni kun san ban taɓa rubuta wannan a nan ba. Baban Auta ma a bakin wata gwaggonsa ya ji, bayan an ɗaura aure, kuma ba da yabo ta faɗa ba. Auta ta juyo tana kallona, don ita Baba Tsoho a hoton Makka kawai ta san shi, da hirami a kafaɗa.

Tsohon nan ya gyara zama. Tsirkiya nawa? Na ce ɗaya, ta gashin wutsiyar doki. Jikin fa? Na ce ƙwarya ce a rufe ta da fatar guza. Ya sa na nuna masa yadda ake riƙewa, ni kuma ga ni a tsakiyar Turawa ina goga iska. Ya ce tsirkiya ɗaya, lallai mutumin nan yana da kunne. Sannan ya yi tambayar da har yanzu take cina.

"Wane kiɗan nasa kika ɗauka?"

Na ce babu.

"To wa ya ɗauka?"

Na ce ba kowa. Kafin a haife ni ya rataye shi.

Na zaci zai yi irin mamakin nan nasu mai haɗe da tausayi, wanda na tsana. Bai yi ba. Cewa ya yi kada in ga ɗakin nan cike in ɗauka haka abin yake tun fil'azal. A 1935 aka yi dokar da ta ce ba a taron rawa sai da lasisi, limaman coci suka mara mata baya, raye-rayen da ake yi a cikin gidaje da mararrabar hanya suka yi ta mutuwa. Ya ce lokacin yana yaro, wanda ya shiga birni da goge a hannu ɓoye shi yake a cikin kwat kada a ce masa baƙauye. Ya ba ni labarin Johnny Doran, mai busa pipes daga cikin mutanen nan masu yawo a amalanke, waɗanda har gobe ake yi wa kallon raini a ƙasar nan. A kasuwanni da wuraren sukuwa yake busa ana jefa masa kuɗi. Sau ɗaya tak aka naɗi busarsa, a 1947. Bango ya faɗo masa a Dublin, ya rasu a 1950, yanzu kuma duk mai busa da wannan naɗin yake rantsuwa. Ya ce a 1968 da masu busar suka kafa ƙungiyarsu, tsoron kada abin ya ƙare gaba ɗaya ne ya tara su. Yau ga shi har UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa busar a jerinta na al'adun gado tun 2017.

Aka kaɗa ƙararrawa muka koma. Rabi na biyu waƙoƙin Kirsimeti ne da wasu yara biyu da suka yi rawar ƙafa. Na san an yi, amma ba na wurin.

Ba na so in zauna a nan, da hita a ƙafata, in yi wa Umma hukunci. Ita ta sha "'yar mai goge" a makarantar allo. Ita aka fasa nema don dangin saurayin sun ce ba sa haɗa jini da maroƙa. Goge a wurinmu da an ambace shi sai a tuna bori da gidajen mata masu zaman kansu, ko mai shi bai taɓa taka can ba. Da Baba Tsoho ya dawo daga aikin hajji ya ajiye, gidan gaba ɗaya ajiyar zuciya aka yi, aka rufe zancen, mu ma muka taso muka tarar da shi a rufe. Na gane wannan sarai. Abin da ke ba ni haushi shi ne mutanen da suka yi mata gori su ne ba sa tafiya Kaduna sai da Shata ko Ɗan Maraya a mota. A ji daɗin kiɗa, a ƙi makaɗi. Su ma mutanen nan ba waliyyai ba ne, sai da talakan ya mutu aka sa hotonsa a bango ana sayar da tikiti. Amma dai sun riƙe sunayen. Ni ko sunan kiɗa ɗaya na kakana ban sani ba.

Da za mu fita tsohon ya kama hannun Auta ya ce ta tambayi kakarta, tsofaffi suna riƙe fiye da abin da suke faɗa.

A bas na kasa haƙuri. Gida sun riga mu da awa ɗaya, dare ya yi nisa, sai na tura saƙon murya. Na gaishe ta, na tambayi ƙafarta, na zagaya na zagaya sannan na ce, "Umma, yau fa na gaya wa wani Bature Baba Tsoho ya yi goge."

Ashe idonta biyu. Kafin mu sauka amsa ta shigo.

"Ikon Allah. Ke kuma me ya kai ki? Mutum yana kwance a kabarinsa, ya tuba ya yi hajjinsa, za ki je ki tone shi a gaban Nasara. Yarinyar na wurin?"

Ban amsa ba. Na cire wa Auta takalma, na sa su kusa da hita, na ɗumama miya. Baban Auta na ta bayanin fanaretin da aka hana su, ko kallonsa ban yi ba. Can wayar ta sake ƙara. Wannan karon muryarta ta sauka.

"Kuma in za ki faɗa ki faɗi daidai. Shi ba na bori ya yi ba. Na biki yake yi da na suna, in damina ta yi kyau manoma su kira shi. Har daga Maraɗi an zo an ɗauke shi. Akwai wani da yake yi in amarya za ta fita, duk taurin ran mace sai ta yi kuka."

Sai ta yi shiru, ina jin fankarta na juyawa, na ɗauka za ta rera. Cewa ta yi, "Gogen dai Kawunku ya san inda yake. Sai da safe."

Kawu kuwa tun rigimar gonar nan ba mu gaisa ba, kun sani. Lambarsa na nan a wayata.

Auta ta ce in an koma makaranta za ta gaya wa malamarsu. Na ce ta dakata tukuna. Ta ce don me, na ce ta je ta kwanta.

Gobe aikin safe, kayan aikina na cikin injin wanki ban shanya ba, madara ma ta ƙare.