Yadda nake yanka gefen tamfol ɗina a lanƙwashe

Duk wanda ya taɓa kwana a daji ƙarƙashin tamfol mai miƙaƙƙen gefe ya san ƙarar nan ta fat-fat-fat da iska ke yi har asuba. Ka ja kusurwoyi tamau, ka buga turaku, amma tsakiyar gefen na nan sako-sako. Yadi ya fi miƙewa a karkace fiye da ta tsawon zarensa, don haka jan da ka yi daga kusurwa ba ya ɗaure bakin yadin yadda kake so.

Shi ya sa nake yanka gefen ya ɗan shiga ciki kamar baka. Da zarar an ja kusurwoyi, lanƙwasar za ta nemi miƙewa, a wannan yunƙurin sai ta jawo tsakiyar yadin ya ɗauru.

Siffar da ake bi ita ce ta sarƙa idan an rataye ta a ƙusoshi biyu. Masanin kimiyya Galileo ya kwatanta ta da parabola, wato lanƙwasar da dutse ke bi a sama idan an jefa shi, sai a 1691 masana lissafi Huygens da Leibniz da Johann Bernoulli suka fitar da ainihin lissafinta. Mai ɗinki dai ba ruwansa da wannan muhawarar, domin a ɗan zurfin da muke yi, bambancin biyun bai kai ido ya gani ba. Ni siririyar sarƙa nake ratayawa a jikin bango, in manna kwali a bayanta, in bi ta da fensir. Rabi kawai nake yankewa a kwalin, in kifa shi don ɗaya rabin, sai ɓangarorin su fito daidai.

Zurfin ne ake gardama a kai. A gefe mai mita 3, santimita 7 zuwa 8 a tsakiya sun ishe ni. Wasu na zurfafawa saboda kyan gani, su manta cewa abin da almakashi ya cire rufi ne, ta nan feshin ruwa da sanyi za su shigo. A ɗinkin ƙololuwa, wato ɗinkin da ke bin tsakiyar rufin ta sama, ma na fi tsantseni, don zurfi a can yana sauko da rufin kusa da hancinka, kuma ya ɗaure ka da hanyar kafa tamfol iri ɗaya tak. Nailan mai silikon yana saki idan ya jiƙe, shi ya fi buƙatar lanƙwasa. Poliyesta ba ya saki haka, ɗan kaɗan ya wadatar.

Wahalar tana wajen kalmasa. Bakin da ka naɗe ya fi layin naɗin gajarta, in kalmasar ta yi faɗi sai ta tattare. Ninki biyu na santimita 1 nake yi, in tafi a hankali, ba na jan yadin a ƙarƙashin keke. Kuma tun wajen zane nake ƙara rarar yadin da kalmasar za ta ci, in bar ɗan wuri miƙaƙƙe kusa da kowace kusurwa inda ƙarin yadi da madauki za su zauna.