Godiyar iyalai bayan tashi daga zaman makokin Baba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin iyayenmu mata, da 'ya'ya da jikoki, muna godiya ga duk wanda ya tako da ƙafarsa, ko ya buga waya, ko ya aiko da saƙo bisa rasuwar mahaifinmu. Allah ya karɓi abinsa da asubahin Laraba bayan jinyar wata 7, aka kai shi makwancinsa a maƙabartar Dandolo da ke Goron Dutse a Kano kafin azahar. Allah ya ba kowa lada, ya bar zumunci.

Godiyar farko ta masu jinya ce. Hawan jini ne ya kayar da Baba, ɓarin damansa ya shanye. Ma'aikatan asibiti sun yi bakin ƙoƙarinsu, kuma kafin sallama sun zaunar da jikokinsa samari sun koya musu aikin da ke jiransu a gida. Mai irin wannan kwanciya ana juya shi duk bayan awa 2, dare da rana, a tokare bayansa da matashi, a duba ƙugu da diddige da ƙashin baya. Inda fata ta canza launi ta ƙi komawa, gyambo ne ke sallama, in kuwa ya buɗe da wuya ya rufe. Ba a ba shi abinci a kwance. Sai an tayar da shi zaune, kunun ya yi kauri, cokali ɗaya bayan ɗaya, domin ruwa-ruwa shi ke saurin ƙware mai shanyewar jiki ya gangara huhu. Samarin nan sun raba dare gida uku, kuma har ya cika ba a ga gyambo ko ɗaya a jikinsa ba. Allah ya ba su masu yi musu.

Muna godiya ga limamin unguwa da dattawan da suka yi masa wanka, suka sa ganyen magarya a ruwa, suka sa kafur a na ƙarshe. Likkafani bai sa an tashi kowa zuwa kasuwa ba, don shi da kansa ya saya tun yana da ƙarfinsa, aka yanka shi gida biyar, riga da rawani da zane da mayafi biyu, ya ajiye a ƙasan adakarsa tare da kuɗin masu haƙa a cikin ambulan. Su kuwa masu haƙar, sun yi aiki cikin ƙasar da ruwan dare ya jiƙa, suka jera itace, suka toshe kowace kafa da fasassun tukwane da kwaɓaɓɓiyar ƙasa don kada rufin ya zuba ciki. Mutanen nan ba a cika tuna su ba sai ranar da aka buƙace su. Wanda Allah ya hore wa, ya kai musu diga da shebur ko wani abin hasafi, ko da ba shi da gawa.

Maƙwabta sun ɗauke wa gida girki na kwana 3. Wasu sun yi mamakin rashin kafa rumfa a ƙofar gida. Wasiyyarsa ce: kada a tare wa mutane hanya saboda shi. Shi ya sa aka yi zaman maza a harabar masallaci.

Da yawa cikin masu ta'aziyya sun tambayi yadda mutumin da rumfa ɗaya gare shi a Kasuwar Kurmi ya riƙe gida mai baki sama da 30 ba a taɓa jin kansu ba. Amsar tana cikin wani littafi mai baƙin bango da ya cika da rubutun ajami. Duk kaka yakan je Dawanau ya auno abincin shekara, gero da dawa da masara da wake, ya rubuta buhu nawa, kowane buhu kwano nawa ya fitar, don ba ya yarda da cikar buhu sai an juye an auna a gabansa. Kafin ajiya yakan ɗauki ƙwaya ya ciza. In ta fashe da ƙara ta bushe, in ta lotsa sai a mayar da ita rana. Buhu ba ya taɓa ƙasa ko bango, kan katako ake jerawa, saboda raɓa da gara. Wake kuwa a jarka yake zuba shi, a cika ta taf, a sa leda a murɗe murfin, kada a buɗe sai ranar amfani. Ƙwari ba sa rayuwa inda babu iska, amma jarkar da aka bari rabi, ko ake yawan leƙawa, gari za a tarar a ciki. Bai taɓa yarda a barbaɗa maganin ƙwari a abin da yara za su ci ba. Awo ranar Asabar ne, kowane ɗaki gwargwadon yawan bakinsa, ba gwargwadon matsayin mai ɗakin ba.

Jikoki dai su ne abokan hirarsa. Matan duk amarensa ne, mazan kuwa 'yan neman ƙwace masa mata, kullum ana cikin shari'ar da ba ta ƙarewa. Amma wasa bai hana shi duba allo ba. Bayan magariba kowa ya kawo nasa ya biya, wanda ya iya a ba shi dabino ya je ya wanke, wanda ya yi ta inda-inda ya sake zama. Kuɗin Laraba daga aljihunsa yake fita, kuma hannu da hannu yake ba malam, ba ya aiken yaro da shi.

Abin da ya fi dacewa a yi koyi da shi shi ne yadda ya yi da marayun babban ɗansa, wanda ya riga shi rasuwa. Baba ya san jika ba ya gadon kaka matuƙar akwai ɗa namiji a raye, ya kuma san wasiyya ba ta wuce sulusi. Bai tsaya kan "in na mutu a ba su" ba. Tun yana lafiya ya ba su gida kyauta, ya tara shaidu, mai unguwa ya sa hannu, ya kwashe kayansa daga ciki, ya damƙa mabuɗi da takarda ga waliyyinsu. Wannan damƙawar ita ce ƙashin bayan maganar, domin a mazhabar Malikiyya kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya mutu ta ɓaci, ta koma cikin gado. Gidaje nawa ne a birnin nan suka ƙare a gaban alƙali saboda kaka ya faɗa da baki kawai?

Yanzu saura haƙƙin mutane. Ba za a taɓa gado ba sai an biya bashi an zartar da wasiyya. Littafin ya nuna waɗanda yake bi da waɗanda ke bin sa, da ajiyar amanar da ke hannunsa, amma jinyar ƙarshe ta hana shi rubutu. Saboda haka duk mai bin Baba wani abu, ko naira ɗaya ce, ko wanda ya ba shi ajiya, ya zo zauren gida bayan la'asar ya sami ƙanin Baba, ko ya faɗa wa liman in yana jin nauyi. Wanda Baba ya saɓa wa, muna roƙon ya yafe masa.

Iyayenmu mata sun shiga takaba ta wata 4 da kwana 10. Mata masu zuwa gaisuwa su daure su zo tsakanin hantsi da azahar, don su sami hutawa da yamma.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa jinya ta zama kaffara, ya haskaka kabarinsa, ya jiƙan sauran magabatanmu da naku.